Ranar da Gawo Ya Yi Ganye da Damina

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanar da ɗan Adam da alƙalami, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan ɗaya ce daga karamomin Shehinmu, masani, mai tsentseni da zuhudu, Allah ya haskaka makwancinsa, wanda ya ƙare rayuwarsa a ƙauyenmu na ƙasar Bagwai. Ya yi zurfi a fiƙihu da lugga, har malamai kan zo daga nesa da mas'alar gado da ta gagare su, amma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne yadda yake zama a ƙasa cikin yara.

Bayan la'asar, in yara sun taso daga firamare sun kuma biya allonsu, sai ya fere karan dawa, ya lanƙwasa ɓawon kamar yadda suke ƙera mota, shi kuwa haruffa yake ƙerawa, na ajami da na boko, ya binne su cikin rairayi ya ce a tono. Yana kuma ba da aron ƙananan littattafan tatsuniya bisa sharaɗin a karanta wa wani babba a gida. Wasu dattawa suna ganin wannan zubar da girma ne. Abin da ya taɓa cewa a kai bai wuce wannan ba: "Yaro ba ya gudun wurin da ya yi dariya."

A wata shekara, gero ya fara nuna, sai labari ya zo cewa tsuntsayen jan baki sun sauka a ƙauyukan arewa da mu, suna barin zangarniya fayau. Bisa al'ada, kowa ya janye 'ya'yansa daga karatu zuwa tsaron gona, da majajjawa da gwangwanaye a igiya. Akwai wani manomi, Nababa, mai ciwon ƙafa, gonarsa ɗaya tak, kuma ita ce abincin gidansa na shekara. Ba shi da mai tsaro sai 'yarsa Aina'u, wadda ta daɗe tana fama da haruffa, sai a wannan watan ta fara haɗa kalma.

Nababa ya zo ya durƙusa gaban Shehinmu ya ce, "Allah gafarta Malam, ba raini ba, yarinyar nan zan ɗauka. Tsuntsu ba ya jiran a sauke littafi."

Shehinmu ya daɗe yana duban yarinyar, wadda ta ƙanƙame littafinta a ƙirji, sannan ya ce, "In ta ajiye yanzu, ba lalle ta sake ɗauka ba. Ta je gonar, amma da littafin. Kada a ɗaura gwangwani, kada a yi ihu."

Nababa ya amsa don kunya, ba don ya gamsu ba. Maƙwabcin gonarsa Sama'ilu, da ya ji, ya yi ta masa tsiya: "Nababa, bana tuwon baƙi za a ci a gidanka, da miyar wasali? A sammana mu ɗana!"

Washegari da yamma muka bi Shehinmu gonar. Ya zauna a kan buzunsa yana jan carbi, Aina'u a gefensa. Ba a jima ba sai ga tsuntsayen kamar hadari, da ƙugi irin na iska cikin kara. Gonakin da ke kewaye suka kaure da kuwwa da ƙarar gwangwani, tsuntsayen suna tashi nan su faɗa can. Da suka karkato kanmu, Nababa ya miƙe a kan sandarsa. Shehinmu ya ce a hankali, "Aina'u, yi Bismillah."

Ta buɗe labarin wata akuya da ta shiga kasuwa, ta fara karantawa, kalma a hankali, yatsa a kan layi. A tsakiyar gonar akwai gawo, wanda kowa ya san da damina ba ya da ganye. A kansa suka sauka gaba ɗaya, har rassa suka sunkuya, itacen ya yi duhu kamar ya tofo. Suka yi tsit. Mai cewa hayaniya ce ta hana su taɓa geron, to a duk faɗin karkarar nan gonar ce kaɗai ba a ɗaga murya ba.

Abin da na gani da idona kuwa shi ne, duk inda wata kalma ta tsayar da ita, sai gawon ya motsa, fukafukai su fara kaɗawa, in ta wuce sai su lafa. Ta kai wata doguwar kalma ta kasa, hawaye ya cika mata ido, wasu tsuntsayen suka fara sulalowa ƙasa. Na buɗe baki zan faɗa mata, Shehinmu ya ɗaga mini hannu. Sai Nababa, wanda bai san alif ba, ya yar da sanda ya gurfana kusa da ita yana cewa, "Sannu a hankali, Uwata. Sake gwadawa. Me akuyar ta yi?" Ta share ido, ta rarraba kalmar, ta haɗa, ta ci gaba har ƙarshe. Tana rufe littafin tsuntsayen suka tashi baki ɗaya suka yi daji.

Haka aka yi ta yi har aka yanke gero, kuma kafin nan 'ya'yan Sama'ilu ma sun baro gwangwanayensu sun zauna layin karɓar littafi. An tambayi Shehinmu yadda tatsuniya ta yi abin da ake zaton sai addu'a, ya ce, "Umarnin farko da ya sauko, karatu ne. Kuma ni ban karanta komai ba, ku tambayi yarinyar."

Nababa ya cika rumbunsa, ya ɗauko dami mafi kyau ya kawo sadaka. Shehinmu ya sa masa albarka, ya mayar masa, ya ce, "Kai shi kasuwa ka sayo mata wani littafin. Wancan ta haddace shi, ta fara yi mana wayo."

Allah ya ƙara masa yarda, ya sada shi da salihan bayi, ya amfane mu da albarkarsa, ya buɗe ƙirazan 'ya'yanmu, ya ba mu haƙurin zama kusa da su har su haɗa kalmar da ta gagare su. Amin.