Tabawa da Baƙar Ƙanƙara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wata mata ce wai ita Tabawa, sana'arta goge duwatsun wuya. Ran nan ta hau dutsen bayan gari, sai ta tarar ya tsage. Ta zura hannu, sai ta ciro ƙanƙarar dutse biyu tagwaye, kowace da gefe shida, baƙaƙe kamar an kulle hayaƙi a ciki.

Sai dutsen ya ce, "Tabawa, 'ya'yana ne. Farare na haife su, shekaru dubbai ina goyonsu, ɗumin cikina ya rina su. Kada ki bari wuta ta taɓa su."

Sai ta kai su kasuwa. Sarkin Kasuwa Jatau, sarkin iyayi, ya taɓe baki ya ce, "Fasasshiyar kwalba kika kawo mana? In ba dutsen kirki ba ne, yau kin bar rumfarki."

Sai Tabawa ta karci kwalba da ɗaya. Kwalba ta yi zane, ƙanƙara ko gezau.

Jatau ya ce, "To, gawayi ne."

Sai ta buga ta da ƙarfen ƙyastu. Tartsatsi ya tashi, har ya ƙona masa gefen riga.

Jatau ya ce, "To, dauɗa ce ta kama ta. Ni na san maganinta!"

Kafin Tabawa ta buɗe baki, ya fizge ɗaya ya tura cikin garwashin maƙeri. Da aka ciro, hayaƙin ya gudu, ta koma fara fat. Mutane suka ce, "Af! Ai irin wannan rafi cike yake da ita."

Tabawa ta ji zafi har cikin ranta, amma ba ta yi kuka ba. Sai ta ɗaga wadda ta rage ta saita rana. Haske ya ratsa ta, ta yi launin ruwan zuma, gwanin sha'awa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga wadda Allah ya yi, ga wadda ka gyara. Wace za ka saya?"

Jatau ya sunkuyar da kai. Tabawa ta koma rumfarta, ta huda baƙar ta rataya a wuya.

Ku dubi wuyana. Ita ce wannan, Tabawa kuwa kakata ce.

Ƙurunƙus kan kusu! Abin da ba ka san asalinsa ba, kada ka ce za ka gyara shi.