Akuyar da Ta Koyi Turanci

An yi wani attajiri, Alhaji Maiwada, mai makarantar kuɗi, shi kuwa ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya ji. Wata rana ya ji mai makarantar da ke gaba da tasa yana cika baki, wai a wurinsa har kaji suna jin Turanci. Sai ya kira malamar Turanci, Malama Asabe.

Ya ce, "Kin ga akuyar maigadi? Na ba ki mako guda ta yi Turanci. In ba haka ba, ki nemi wani aikin."

Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Da mako ya cika, Malama ta jawo akuya har ofis, ta ɓoye dusa a bayanta. Akuya ta ɗaga kai ta yi kuka.

Alhaji ya ce, "Wannan ai kukan akuya ne."

"Alhaji, a garin nan akwai wanda ya fi ka jin Hausa?"

"Babu."

"Ka gane abin da ta ce?"

"Ban gane ba."

"To ba Hausa ba ce ke nan. Mene ne ake yi a makarantar nan wanda ba ka ganewa?"

Alhaji ya ce, "Turanci. To, me ta ce?"

"Cewa ta yi rufin ajinmu yana yoyo, littattafan adabi duk sun jiƙe."

Alhaji ya harari akuya ya ce, "A kira kafinta. Amma ki ja mata kunne. Karatun mako guda, har ta fara kai ƙarar manya."