Wanda Ya Amsa Komai da Jam

An yi wani mutum, ya 'yan uwana mata, a nan ƙasarmu ba a wata duniya ba. Ɗan Gwashi ne, yana koyar da yara a wata firamare a Bukkuyum. Ba zan kama sunansa ba. Malamarmu ta ce mai wa'azi ba ya kama suna, to wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa, ko na so ba ni iyawa, don sunansa sunan maigidana ne, kun ko san bakina ba ya ɗaukar wanga suna. Ku bar dariya, ai daga nan masifar ta faro.

Takwarori ne su biyu. Da anka kai su makaranta sai anka rubuta su yadda ake rubuta kowa: sunan yanka, sannan sunan gari a ƙarshe. Ga wane Gwashi, ga wane Gwashi. A gida ba mai ruɗewa, ɗaya ɗan cikin gari ne, ɗaya ɗan ruga. Amma takarda ba ta san ruga ba, ba ta san gari ba.

Ɗan rugar, wato maigidana, Allah ya buɗe masa kai. Ya wuce har jami'a, can gabas mai nisa, inda sai mota ta wahalar da kai kafin ka isa. Ya yi shekara biyu yana karatun harsunanmu, Hausa da Fulatanci, yana cinyewa. Sai Baffa, mahaifinsa, ya kwanta ciwo, ya rasu, Allah shi jiƙansa. Ga Inna, ga ƙanne, ga shanu, ga ni da ciki. Ya tattaro ya dawo gida.

To akwai wani abu da suke yi yanzu a jami'a, ana ce masa kiredit. Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, amma ya zaunar da ni ya fahimtar da ni, ga yadda na gane. Kowane kwas da mutum ya ci, akwai awonsa. Kamar ki yi noma a gonar aro can nesa, ki ɗaure dammanki. In kin tashi komawa gida, ai ba ki barin su can. Ɗauko su za ki yi, a duba, a ga gero ne na gaske, a zuba miki a rumbun gida. To haka. Ya roƙi jami'ar can ta aika da sakamakonsa zuwa wata jami'a ta nan kusa da mu, inda zai iya leƙo Inna in an yi hutu. In sun karɓi kiredit ɗinsa, shekara ta uku zai shiga. In ba su karɓa ba, shekara biyun nan sun bi ruwa, shi kuma ya ce ba zai iya faro karatu daga tushe ba da wanga nauyi a kansa.

Ya aika. Munka zauna jira.

Ya 'yan uwa, ashe sun amsa! Sun rubuto ya zo a duba kwasa-kwasansa a ba shi aji. Amma wasiƙun mutanen Gwashi ta hannun hedimastan makarantar nan ta Bukkuyum suke biyowa, Malam Dogara, mutumin kirki. Ya ga suna, ga mai suna a gabansa yana goge allo. Mi zai yi? Ya miƙa masa.

Mutumin ga ya buɗe, ya karanta, ya san sarai ba tasa ba ce. Shi bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Ya sa ta aljihu da niyyar ran kasuwa ya ba wani ɗan ruga ya kai. Kasuwa ta ci, ta watse, takarda tana aljihu. Ya riƙa fiddo ta yana dubawa. Sunansa ne fa a kai, baƙi da baƙi. Shaiɗan ya matso kusa ya ce masa: mi ka sata? Sunanka ne. Wancan ga shanunsa, mi zai yi da digiri a bayan saniya?

Kun ga yadda zunubi ke shigowa? Ba da gudu yake zuwa ba. Zama yake yi a aljihu har ya ɗumama.

A cikin takardar an jera kwasa-kwasan da za a duba, kowane da gajeren sunansa. Ya ga waɗansu an sa HAU. Ya ce Hausa ke nan, wannan ai a nono na sha. Ya ga waɗansu an sa FUL, FUL, FUL, suna da yawa. Ya yi murmushi. Ya ɗauka ful ne irin na tankin mota, wato an cika masa maki har baki, ba sauran tambaya. Ko kusa bai kawo Fulatanci a ransa ba.

Sai ya shiga shiri. Ya tafi Gummi anka ɗinka masa kwat da wando. Ya tafi Anka gidan yarinyar da yake nema, ya ce wa iyayenta su shirya, surukinsu ya kusa zama mai digiri, shekara biyu kacal zai yi saboda ƙwaƙwalwarsa. Ya ajiye aikin koyarwa. Malam Dogara ya ce masa, “Malam, ka nemi izinin tafiya karatu mana, a riƙe maka gurbinka.”

Ya ce, “Hedimasta, riƙe wa wani. In na dawo, ni zan riƙa zuwa duba ka.”

Mu kuwa a ruga shiru. Damina ta wuce, anka yi girbi, ba labari. Maigidana ba mai yawan magana ba ne. Wata safiya na ga ya ɗaure littattafansa a buhu ya rataye a sama, ya ɗauki sandar Baffa. Ya ce wa Inna, “Ba su karɓa ba. Allah bai nufa ba.” Inna ta juya tana gyara ƙwaryar da ba ta buƙatar gyara. Da lokacin tashi ya yi, ya bi shanu kudu tare da ƙannensa, sunka ƙetare gulbi. Ni ina kwance da ɗanyen jego, ɗiyata Maimunatu tana gefena, ina kuka ina ɓoyewa.

To ku saurari abin da Allah ya yi. Wallahi ko yanzu in na tuna sai na ajiye yarinyar kada in yar da ita don dariya.

Mutumin ga ya isa jami'a cikin kwat ɗinsa. Anka duba suna, daidai. Anka duba gari, daidai. Anka ce saura abu guda, ya je wurin shugaban sashe, shi ke sa hannu a kan kiredit ɗin da za a karɓa. Shugaban nan, Dakta Yusufu, Bafulatani ne na asali. Tun da ya ga sakamakon nan yake murna, yana ce wa abokan aikinsa ga wani yaro nan tafe daga Gwashi wanda ya ci Fulatanci kamar ya haɗiye shi. Ba jarabawa ya shirya masa ba, ya 'yan uwa. Marhabin ya shirya masa.

Mutumin ga ya yi sallama ya shiga. Dakta ya miƙe tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce, “A waali jam?” Wato ka kwana lafiya?

Mutumin ga bai zaci da Fulatanci za a tarbe shi ba. Amma ɗan Gwashi ne, ya tashi yana jin masu tallan nono. Wa ke cikinmu bai san jam ba? Ya ce, “Jam.”

Dakta ya tambayi gida. Jam. Ya tambayi gajiya. Jam. Ya tambayi shanu. Jam tan, lafiya lau. Kun san gaisuwar Fulani ba ta ƙarewa da wuri, kuma duk amsarta guda ce. Sai zuciyar mutumin ga ta kwanta. Ya ce a ransa, ashe iyakar abin ke nan? Ya gyara zama, har da ɗora ƙafa kan ƙafa.

Dakta ya gama gaisuwa, ya shiga hira, duk da Fulatanci. Ya ce, wane malami ya koyar da kai a can?

Ya ce, “Jam.”

Dakta ya ɗan tsaya. Ya ce ko bai ji da kyau ba ne. Ya ce, mi ne sunan mahaifinka?

“Jam tan.”

Akwai ɗalibai a bakin ƙofa suna jiran a kira su, waɗansu cikinsu suna jin yaren. Sunka fara toshe baki. Dakta ya cire tabarau, ya dube shi da kyau. Cikin murya mai taushi, kamar mai tambayar lafiyar iyali, ya ce, kai ɗan uwa, jaki ne kai?

“Jam, jam.”

Ya ce, takardar nan sato ta ka yi?

Mutumin ga ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai don ladabi, ya ce, “Jam tan, alhamdu lillahi.”

Sai bakin ƙofa ya fashe. Wani har ya zauna ƙasa. Dakta kam bai yi dariya ba. Ya koma Hausa, ya ce, “Malam, ina mai sunan?”

Ya yi ta kame-kame, ya ce zazzaɓi ne ya toshe masa kunne, ya ce Fulatancin gabas daban ne da na nan. Dakta ya ce, “To gaya mini ruwa da na gabas ɗin.” Nan gumi ya jiƙa kwat ɗin, nan ya faɗi gaskiya, har ya faɗi ko ɗan wa ne mai sunan.

Ni ma fa da anka kai ni ruga jam kaɗai na iya, Inna ta sha dariyata. Amma ni ban ce wa kowa na ci jarabawarsa ba.

Dakta ya ce ba zai ƙara ba wasiƙa amana ba. Ya sami wani dillalin shanu mai zuwa kasuwar Gummi, ya ba shi saƙo da baki: a gaya wa ɗan Gidaɗo na Gwashi, wato ɗan Baffa, ana jiransa, an kusa rufe rajista. Saƙo ya tashi daga kara, wato kasuwar shanu, ya bi masu nono, ruga ta miƙa wa ruga. Da ya iso wurinmu Inna ta saki guɗa, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce saƙo ya wuce, kada ya kwana. Saƙo ya bi sawun shanu har ya cim ma maigidana a bakin wani rafi yana shayarwa.

Ya bar wa ƙannensa sanda, ya hau motar itace. Ko gida bai biyo ba. Da rigar kiwo ya shiga ofishin, da takalmin roba, yana warin shanu. Dakta ya ce, “A waali jam?” Ya amsa. Sunka shiga hira, daga gaisuwa sai nahawu, daga nahawu sai cutar shanu, har masu jira a waje sunka gaji sunka watse. Kwas guda kaɗai anka ce ya sake, don a nan ba iri ɗaya suke koyar da shi ba. Sauran duka an karɓa. Duka! Shekara ta uku, ya 'yan uwa! Maigidana yana shekara ta uku! Inna ta sayar da bijimi guda, ta ce ƙanne sun isa riƙon garke, ya zauna ya gama.

Wancan fa? Anka miƙa shi ga hukuma. Maigidana ya je ya ce shi ya yafe nasa haƙƙin, kada a ɗaure shi, ko don tsohuwarsa. Ba a ɗaure shi ba, amma an soke shi daga aikin koyarwa har abada. Ya koma wurin Malam Dogara yana roƙo, hedimasta ya ce abin ya fi ƙarfinsa, gurbin ma an ba wani. Mutanen Anka sunka mayar masa da kayansa. Labari kuwa ya riga shi isowa gida. Ya shiga kasuwa, mai nama ya ce, “Malam, ina kwana?” Kafin ya buɗe baki, rumfa duka ta amsa, “Jam!” Masu nono in sun hango shi sai su sauke ƙwarya don kada dariya ta zubar musu da ita. Sunan nan da ya yi taƙama da shi, ya ce nasa ne, yau ba mai kiransa da shi. Malam Jam, shi ke nan. Bai iya zama ba. Ya bar ƙasar, an ce an gan shi wajen Kwantagora yana dako. Tsohuwarsa ta daina zuwa suna da biki. Ita kam ina jin tausayinta, ba ta ci ba, ba ta sha ba.

To mi ya kai shi? Yana da aikinsa, yara suna ce masa Malam, ga aure a gaba. Da ya miƙa takardar nan ran kasuwa, da har gobe maigidana yana gode masa. Da ya so karatu, da ya nema da kansa, ko a makare. Amma ya so a zuba masa abin da bai noma ba.

Ya 'yan uwa mata, kada mu ce wannan na 'yan boko ne, ba ruwanmu. Sau nawa ake ba mu saƙo mu kai, mu zauna a kansa? Sau nawa ake yaba tuwon da wata ta tuƙa, mu yi shiru mu karɓi yabon? Duk cin amana ne, ƙarami da babba. Kuma akwai ranar da za a tsayar da kowa a tambaye shi abin da ya aikata, ba abin da ke rubuce da sunan takwararsa ba. Ran nan amsar aro ba ta fid da kowa.

Allah shi ba mu ikon isar da amana ga mai ita tun ba ta ɗumama a hannunmu ba. Allah shi shiryi wancan bawa nasa, shi sanyaya zuciyar uwarsa. Allah shi sa wa karatun mazanmu da na ɗiyanmu albarka. Allah shi kiyaye mu da cin gumin wani, mu da zuriyarmu baki ɗaya. Ku ce amin.