Buhun Tsumma a Bikin Kaka na Yara

Akwai wata baiwar Allah mai suna Zulema Quispe, a wani ƙauye cikin kwarin Río Negro. Ita da mijinta tsinkar tuffa suke yi a gonakin mutane. Da kaka ta wuce, sanyi ya kankama, aikin gona kan tsaya cak. A watannin nan ba abin da ke riƙe gidansu sai wanki da guga da Zulema ke yi wa Doña Griselda, matar mai gona mafi girma a yankin.

Cocinsu ɗaya. Doña Griselda ce shugabar zumuntar mata, kuma irin mutanen nan ne da in sun ba ka allura sai duk gari ya ji.

Da watan Afrilu ya kama, wanda shi ne lokacin kaka a can, ganyaye suka fara zuba, mata suka taru a ɗakin makarantar Lahadi don tsara bikin kaka na yara. Ana zagayawa da ƙoƙon shayin mate, kowa na kawo shawara. Wata ta ce a cika baho da ruwa, a zuba tuffa, yara su cafko da baki. Wata ta ce tseren buhu. Matar fasto ta ce a tara busassun ganyaye, yara su cusa a tsofaffin wanduna su yi mutum-mutumi. Tsohuwa Doña Amparo kuwa ta ce a yi jan igiya, yara duka a gefe ɗaya, Fasto Rubén da tumbinsa a ɗaya gefen, a ga wanda zai motsa. Aka yi ta dariya har matar faston ta ƙware da shayi.

Zulema ma ta ce za ta soya wainar kabewa. Zuciyarta fari tas, don a bikin ne 'yarta Yésica za ta tsaya gaban jama'a karo na farko ta karanto aya da ka.

Sai Doña Griselda ta ajiye ƙoƙon, ta gyara zama.

Ta ce duk wannan wasan yara ne, ita tana da babbar shawara. Akwai wani coci a ƙasar waje da ke aiko musu da barguna da rigunan sanyi. To, hotunan bara da aka tura musu ba su yi aiki ba, don yaran sun fito tsaf-tsaf.

Ta ce, "Ku gaya mini, 'yan'uwa, wa zai tausaya wa yaro mai kumatu da takalmi? Bana za mu yi gasar ɗan gona. A sa musu tsumma, a shafa musu ɗan taɓo a fuska, a cire takalma, mai hoto ya ɗauka. Kowane yaro ya samu ƙullin alawa."

Matar fasto ta tambaya a hankali ko duka yaran za su shiga. Doña Griselda ta yi murmushi, ta ce a'a, 'ya'yan masu tsinka kawai, don su ne abin zai fi kama jikinsu.

Jama'a, kun ji fa. A cikin ɗakin Allah, da Littafi a kan tebur.

Mata suka sunkuyar da kai. Rabin matan da ke wurin mazansu a gonar mijinta suke aiki. Zulema ta ji shayin ya koma mata ɗaci a baki, amma ita ma ta sunkuyar da kai, tana kallon takalminta.

A gida kuwa rigar Yésica na rataye a jikin ƙusa. Ruwan ƙwai ce, da farin leshi a wuya. Zulema ce ta ɗinka da hannunta, daga yadin da ta daɗe tana zagayawa a kasuwa kafin ta iya saye. Yarinyar, mai shekara bakwai, kullum sai ta je ta shafa rigar kafin ta wuce makaranta.

Zulema ta gaya wa mijinta Eusebio abin da aka yanke. Ya cire hularsa yana murzawa. Can ya ce shi ma abin ya ɗaga masa hankali, amma ta tuna sanyi na tafe, kuma gas ɗin ɗumama ɗaki ba kyauta ake bayarwa ba. Ya ce hoto ne kawai, in an gama a wanke mata fuska. Zulema ba ta yi masa musu ba, don ta san ba rashin zuciya ya sa ya faɗa ba.

Ranar biki ta zo. An ƙawata harabar coci da kabewa da zangarniyar masara, ƙamshin suya ya cika ko'ina. Yara na ta tsoma kai cikin baho suna fitowa jiƙe sharkaf, wani da tuffa a baki, wani da ruwa a hanci. Yésica na tafe cikin rigarta tana taku ɗai-ɗai kada ƙura ta taɓa ta.

Ana cikin haka Doña Griselda ta aika a tattaro 'ya'yan masu tsinka zuwa bayan coci. Can ta sa aka ajiye wani buhu da bokitin taɓo.

Da aka kwance bakin buhun, Zulema ta ja da baya. Wari ne ya bugo ta, na zarnin fitsari da ruɓa. Ta gane tsummokaran sarai, don ita ke share inda suka fito. Daga ɗakin karnukan Doña Griselda aka kwaso su, da gashin kare manne a jiki, ga ƙuma na tsalle. Ko wanke su matar ba ta sa an yi ba. Cewa ta yi wai haka za su fi fitowa da kyau a hoto.

Ta toshe hancinta da hankici, ta ɗago wata yagaggiyar riga da bakin sanda, ta miƙa wa Zulema.

"Maza cire mata wannan, 'yar'uwa. Ta yi kyau da yawa."

Zulema ta durƙusa. Ta ɓalle maɓallin farko na rigar Yésica, ta ɓalle na biyu. Tana tunanin sanyi, tana tunanin tukunya. Yésica ta dubi tsumman, ta dubi uwarta, idonta ya cika.

"Mama, laifi na yi?"

Shi ke nan. Zulema ta ji ƙyamar matar da ƙyamar kanta duka a haɗe. Ta mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta gyara leshin, ta miƙe.

Ta ce, "Doña, ki yi haƙuri. Mu talakawa ne, amma ban taɓa kwantar da 'yata a shimfiɗar kare ba. Ba zan fara yau ba."

Doña Griselda ta sauke hankicin. Ta ce ashe haka butulci yake, bayan duk bargon da ta ba su. Ta ce daga ranar Litinin kada Zulema ta sake taka ƙofar gidanta, masu neman wanki sun yi yawa. Zulema ta ce ta ji. Ta kama hannun 'yarta suka koma wajen suya.

Sauran iyayen ba su iya ƙin yarda ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Suka juya fuska, suka bar 'ya'yansu.

Daidai lokacin aka zo aka ce matar magajin gari ta iso. Doña Griselda ta yar da sandar, ta ce wa yaran su sa kayan da kansu su shafa taɓon, ta ce wa mai hoton da ta ɗauko daga birni ya ɗauka ya tura wa cocin waje nan take. Ta ruga bakin ƙofa tana gyara gashi.

To, Doña Griselda na da jika, Bautista, ɗan shekara biyar, ɗan 'yarta Lucrecia, wanda uwar ta kawo daga birni don bikin. Yaro ya ji ana raba alawa a bayan coci, ya sulale ya tafi. Ya ga yara na shafa wa juna taɓo, ya ce shi ma sai ya yi. Ya tuɓe rigarsa mai tsada, ya zaro tsumma mafi ƙazanta ya zura, ya tsoma hannu biyu a bokiti ya dame fuskarsa da gashinsa. Ba a jima ba ƙuma ta fara cizonsa, ya ɓare baki yana kuka, majina na zuba.

Mai hoto bai san ɗan kowa ba. Ya ga wanda ya fi ban tausayi, ya jawo shi tsakiya, ya ɗauka, ya tura. Bayan haka wata mata ta kai yaran famfo ta ɗauraye su, Bautista ya mayar da rigarsa ya koma wasa yana soshe-soshe.

Da la'asar aka shiga coci don rufe biki. Yésica ta hau gaba cikin rigarta, ta karanto ayarta ba tuntuɓe, aka yi mata tafi. Zulema na can kujerar baya, tana murna tana kuma lissafin yadda za ta gaya wa Eusebio.

Sai Doña Griselda ta karɓi makirufo. Ta ce za ta nuna wa jama'a aikin jinƙan da ta yi yau. Aka rage fitilu, aka haska hoton a bango, ƙato guda. A ƙasansa ga rubutun da ita da kanta ta tsara, cewa a taimaki yaran nan da iyayensu suka kasa ciyar da su.

A tsakiyar hoton ga Bautista, cikin tsumman kare, baki buɗe.

Lucrecia ce ta fara gane ɗanta. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga rigar yaron da ke kusa da ita, ta ga cikinsa duk ya yi jajayen ƙuraje. Ta tambayi uwarta a gaban kowa ko me aka sa wa ɗanta, kuma wa aka tura wa wannan hoton. Mai hoto, bawan Allah, ya amsa daga baya cewa tuni ya tura, har mutanen can sun sa a shafinsu na intanet.

Doña Griselda ta manta makirufo na hannunta.

"Ku kashe abin nan! A ce su cire! Wannan ai ba irinsu ba ne, jikana ne. Mutane za su ɗauka ɗan matsiyata ne."

Kalmomin suka fito ta lasifika, suka cika cocin. Masu tsinka da ke zaune a baya suka kalli 'ya'yansu a jikin bango, da taɓo a fuska, ba takalmi.

Zulema ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Doña, sauran yaran da ke tsaye kusa da shi, su ma jikokin wasu ne."

Ta kama hannun Yésica ta fita. Eusebio ya bi bayansu. Sai wani ya tashi, wata ta tashi, har kujerun baya suka zama wayam. Lucrecia ma ta saɓi ɗanta ta fice, ko kallon uwarta ba ta yi ba.

Fasto Rubén, wanda sai a lokacin ya san daga ina tsummokaran suka fito, ya rubuta wa cocin waje ya faɗa musu gaskiya, ya roƙi a sauke hoton. Ya kuma bi gidajen iyayen ɗaya ɗaya yana ba da haƙuri. Doña Griselda ta sauka daga shugabanci kafin Lahadi ta zagayo.

Sanyin shekarar bai zo wa su Zulema da sauƙi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Sun sha miyar kabewa har ta ishe su. Da sanyi ya yi tsanani Doña Griselda ta aiko direbanta, wai Zulema ta dawo bakin aiki. Zulema ta leƙo daga ƙofa, ta ce ya gaya wa Doña ta gode, amma ba za ta dawo ba.

Darasi: Abin da ba za ka yarda a sa wa ɗanka ba, kada ka sa wa ɗan wani, ko da sunan taimako ne. Talaka na iya rasa bargo, amma bai rasa mutunci ba, kuma sadakar da sai an ƙasƙantar da yaro kafin a ba da ita cin zarafi ce. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga duk mai shirya wa yara biki ko mai raba tallafi, ya karanta kafin ya ɗaga kyamara.