Mai Fito Da Ya Hana A Cire Kainuwa

Akwai wani mai fito da kainuwa ta raba shi da sana'arsa. Ciyawar ta rufe kogin garinsu har kaza za ta iya takawa ta tsallake. Wata bakwai kwalekwalensa na kife a ƙarƙashin bishiya.

Yayansa ya samo masa aikin gadi a birni, har da mai sayen kwalekwalen. Shi kuwa bai san wata rayuwa ba sai ta ruwa. Ya roƙi Yaya ya ƙara masa lokaci.

Ana cikin haka wata malamar gona ta zo da bokitai uku. A ciki akwai ƙananan ƙwari masu dogon baki, ko ƙwayar wake ba su kai ba. Ta ce kainuwa kaɗai suke ci, ba ruwansu da amfanin gona, amma aikinsu sai an jira. Mutane suka yi dariya, domin an sa adda an sa inji, ciyawar ta dawo.

Mai fito kaɗai ya yarda ya karɓa. Ya jera robobin wanki a tsakar gida, ya zuba ruwa da kainuwa, yana kiwonsu. Matarsa ta ce ta yafe robobin, amma kada ta ga ƙwaro ko ɗaya a ɗakin girki.

Wani tsohon masunci, wanda kowa ke kira Kawu, ya sa shi gaba. Kullum suka haɗu sai ya ce, "Makiyayi, yaya garke? An tatsi nono kuwa?"

Da ƙwarin suka yi yawa, mai fito ya sake su a wata kwana ta kogin, ya ci gaba da leƙawa.

Bayan wata biyar, mazan garin suka haɗu don su taimaka masa su buɗe hanya. Suka fara daga wannan kwanar, saboda ciyawar wurin ta yi ja, ta huhhuje, ga sauƙin janyewa. Kafin ya iso sun tara tsibi guda a rana.

Mai fito ya tsaya gaban tsibin. Ya gode musu tukuna, sannan ya ɗauki kara ɗaya ya tsaga da farce. Ga fararen tsutsotsi, 'ya'yan ƙwarin, sun cinye cikinsa.

Ya ce, "Kawu, ma'aikatana kuke shanyawa. Don Allah ku mayar min da ita ruwa."

Mayar da ciyawa kogi, bayan an sha wuya an fito da ita? Wasu suka ce tausayinsa ma ya kamata a ji. Kawu ya matso. Ya tsaga kara na biyu, ya tsaga na uku, ya daɗe yana kallo. Sai ya rungumi ciyawar ya shiga ruwa. Sauran suka bi shi suna dariyar kansu.

Daga ranar suka riƙa ɗibar mai hujin suna jefawa cikin mai lafiya don ƙwarin su bazu.

Sai da aka shekara da rabi kafin ciyawar ta fara ruɓewa tana nutsewa. Wata safiya hanya ta buɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mai fito ya tura kwalekwalensa, 'yan kasuwa suka cika shi, matarsa a gaba tana guɗa. Ya aika wa Yaya cewa a ba wani aikin gadin.

Ba a jima ba mutanen ƙauyen gaba suka zo da robobi neman iri. Mai fito ya iso ya tarar Kawu ya riga shi, yana yi musu bayani, yana cewa ai shi tun ranar farko ya san abin zai yi.

Darasi: Ƙanƙantar abu ba ta hana shi aiki, kuma gyara mai ɗorewa yana son haƙuri. Kafin ka kawar da abin da ka ga kamar ya lalace, tambayi mai kula da shi. Ku tura wa wanda ya kusa gajiya da jira.