Ganyen Kabarin Badriyya

Akwai wani mai fito a bakin kogin Nilu, wajen garin Isna, sunansa Abdul'aɗi. Ya tsufa a cikin ruwa, ruwan kuma ya juyo yana cinsa. Cin ruwa ya kama tsakanin yatsun ƙafarsa, fatar ta yi fari ta tsattsage, ga ƙaiƙayi, ga wari. Tura jirgi ya gagare shi. Har mai jirgin ya fara cewa zai nemi wani.

Tun rasuwar matarsa Badriyya, abu guda ne bai fasa ba. Duk Alhamis sai ya ja ƙafa zuwa maƙabarta da tulu, ya shayar da sabbar ɗin da ya dasa a kanta, wato alobera, kamar yadda kowa a can ke yi wa mamacinsa.

Yayarsa Inshirah ta ga ƙafar, ta toshe hanci.

"Wannan ƙafa ce ko kifin da aka manta a rana? Je ka yanko ganye a wajen Badriyya."

"Yaya, in yanki abin kabari? Ba nawa ba ne."

"To wa ke ɗaukar masa ruwa, limamin gari?"

Ya je dai, ya yi sallama, ya tsuguna. "Ki yafe mini, 'yar mutane. Na gaji ne."

Amma mutumin naku gaggawa gare shi. Yana yanko ganyen ya fasa shi nan take, ya shafa har da ruwan nan mai ɗaci mai launin ɗorawa da ke fita daga jikinsa, ya zura ƙafar cikin jiƙaƙƙen takalmin roba. Raɗaɗi ya ƙaru. Ya dawo yana faɗa.

Inshirah ta ce, "Kai da haƙuri ko a hanya ba ku gaisawa! Jingine ganyen ya tsiyaye. Farar majinar cikinsa kaɗai ake so, ita ke hana ƙwayoyin cutar yaɗuwa. Ka wanke, ka busar, ka shafa, ka zauna."

"In zauna jirgi ya tafi?"

"In ba ka zauna ba ƙafar ce za ta tafi."

Ya zauna. Safe da yamma yana shafawa, yana kallon jirage na wucewa babu shi, yana tsaki. Sannu a hankali warin ya ɗauke, tsagar ta haɗe.

Ranar da ya koma bakin kogi, ya tarar ba a bayar da jirgin ba tukuna. Da Alhamis ta zo, tulu biyu ya ɗauka. Ya duba gurbin da ya yanka a jikin sabbar ɗin, ya ga ya warke shi ma.

"Har yanzu dai ke ce ke jinyata," in ji shi.

Darasi: Abin da ka kula da shi a kwanakin gajiya, shi zai kula da kai. Magani kuma ba ya son gaggawa, kuma in ciwo ya yi ruwa ko ya kumbura, a nufi asibiti, a daina taurin kai. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ba ya iya zama wuri ɗaya.