Mai Shaidar da Ba Ya Zuwa Fada

A zamanin da, tun ba a san gada ba sai fito, an yi wani sarki mai suna Dambo, wanda saboda adalcinsa fatake kan tsawaita hanya don su kwana a garinsa. Yana da waziri, wani tsoho siriri mai suna Nomau, wanda tare suka yi wasan ƙasa. Yana kuma da ɗa guda ɗaya tak, Ciroma Bako.

Wata damina Ciroma yana rangadi a ƙetaren kogi, ya taso zai dawo gida, ruwa kuwa ya cika ya batse. Wani mai fito, Tunau, ya ɗauko shi a kwalekwale. Suna tsakiyar ruwa kwalekwale ya kife. Tunau ya fita, Ciroma bai fita ba.

Kwana arba'in fada ba ta yi shiru ba. Masu ta'aziyya suna shiga suna fita, kowa da "sai haƙuri" a bakinsa, har kalmar ta daina shiga kunne. Ga shi a al'adar ƙasar sarki ba ya kuka a gaban jama'a, ko atishawa ya yi sai dogarai su baza riguna su tare shi, kuma ba a barinsa shi kaɗai ko na ƙiftawar ido. Hawayen da bai sami hanya ba ya koma ciki ya zama fushi. Fadawa kuwa, kun san halinsu, da suka ga inda zuciyar sarki ta karkata sai suka riga shi isa can. Suka ce ai sakacin mai fito ne. Sarki ya yanke hukunci: ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, hauni ya sare kan Tunau.

Waziri ya je kurkuku ya sami Tunau. Tunau ya ce, "Ranka ya daɗe, sau uku ina roƙon Ciroma mu jira ruwa ya ja. Ya ce mahaifinsa ya aiko, kada rana ta faɗi bai iso ba."

Waziri bai buƙaci rantsuwa ba, don a gabansa aka ba manzo saƙon. Amma wa zai dubi uba a tsakiyar fada ya ce masa kiranka ne ya shigar da ɗanka ruwa? Tausayin mutum biyu ya kama tsohon, wanda ke cikin mari da wanda ke kan karaga.

Ranar Talata Waziri ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura mai shaida guda ba a ji ba. Ba ya zuwa fada, ba ya magana in ana magana, kuma ba ya gaya wa kowa sai sarki. Yana bakin kogi, gindin tsohon ɓaure. A ba shi safiya uku. In bai yi magana ba, a haɗa kaina da na Tunau."

Sarki ya dube shi ya ce, "Kai ka faɗa da bakinka, Waziri."

Safiyar Laraba suka bar dogarai da makaɗa can nesa, suka gangara su biyu. Waziri ya shimfiɗa buzu. Sarki ya zauna kamar an ɗora shi kan ƙaya, ya gyara riga, ya duba gabas, ya duba yamma. Da hantsi ya yi ya ce, "To, ina mutumin naka?"

Waziri ya ce, "Ba ya fitowa sai ya tabbata mai sauraro ya zo. Me sarki ya ji tun zamanmu?"

"Ban ji komai ba."

"Kurciya ta yi ta kuka bisa kan sarki. Allah ya ba ka nasara, jikin sarki ne ya zo, sarki yana can fada."

Sarki ya tashi a fusace ya nufi gida.

Safiyar Alhamis Waziri ya ce mai shaidar ya gindaya sharaɗi. Sarki ya tuɓe takalma ya sa ƙafa a danshin yashi, ya bi numfashinsa da hankali, shigarsa da fitarsa. In tunani ya gudu da shi, ya komo da shi a hankali yadda ake komo da akuya daga gonar maƙwabci, ba duka ba zagi. Sarki ya yi tsaki, amma ya yi. Akuyar nan ta tsere ya fi sau ɗari. Can dai ya ji kurciya. Ya ji ruwa yana lasar saiwar ɓaure, ya ji wata mata tana daka a ƙetare, ya ji sanyin yashi ya ratsa tafin ƙafarsa. Ran nan ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Waziri ne ya kasa cin nasa, don safiya ɗaya ta rage, mai shaida bai ce komai ba.

Safiyar Juma'a sarki da kansa ya tuɓe takalma. Kogi ya ja baya, yana tafiya a natse kamar bai taɓa cin kowa ba. Suka daɗe zaune. Wani nunannen ɓaure ya faɗo kusa da buzu, sarki ya ɗauka ya tsaga shi yana dubawa.

"Bako yana yaro yakan cika aljihu da wannan," in ji sarki, "uwarsa ta yi ta faɗa."

Waziri ya gyara zama yana sauraro.

Sarki ya ce, "Nomau." Rabon da ya kira shi da sunansa tun kafin naɗi. "Ni na aika. Ni na ce kada rana ta faɗi."

Sai kuka ya ƙwace masa, irin na uba, ba na sarki ba. Waziri ya miƙe ya baza babbar rigarsa ya tare shi, ko da yake ba mai kallo sai balbelu. Hannuwansa suka gaji, bai sauke ba har kukan ya lafa. Sa'an nan ya durƙusa ya ce, "Kewarsa ce ta sa ka aika, Dambo. Uba ya kira ɗansa, ɗa ya amsa, mai fito ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wa'adi ya cika. Na duba, ban ga mai kisa a cikinku ba."

Sarki ya wanke fuska da ruwan kogin, ya ce, "Mai shaidarka ya yi magana. Tashi mu je, rana na yi."

Da aka sauko daga masallaci, jama'a sun taru, hauni ya wasa takobi, sai sarki ya sa aka cire wa Tunau mari. Ya faɗi saƙon da ya aika kowa na ji, ya nemi gafarar talakansa. Fadawa nan take suka ce ai dama su ma sun ga alamar haka. Sarki ya kuma yi doka: gindin ɓauren nan ba kiɗa, ba roƙo, ba a sare ko reshe, kuma duk wanda zuciyarsa ta yi nauyi ya je ya zauna, ba mai tambayarsa dalili.

Saura abu guda. Waziri ya lura Tunau ya bar fito, ko kallon ruwa ba ya iyawa. Ya gaya wa sarki. Suka riƙa jansa gindin ɓaure da safe, su zauna su uku, ba sarki ba talaka. Wata rana, bayan kaka, sarki ya tashi daga kan buzu, ya tattare riga, ya shiga kwalekwalen da ke ɗaure a gaɓa. Tunau ya tsaya a gaɓa da sandar tuƙi a hannu, ya kasa shiga.

Sarki ya ce, "Kai ni ƙetare, Tunau. A hankali, ba mai jiranmu da sauri."